Rantsuwar Yabawa a Kan Burodi

Akwai wata tsohuwa a Gure, sunanta Yabawa, maginiya ce. Tana gina tukwane da randuna da murhu, amma abin da ya kai sunanta har Gidigir da Gamu shi ne tanderun burodi. In ta gina maka tanderu, ka gama da maganar tanderu, sai dai 'ya'yanka su gada.

Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Da bayan hannu take auna zafin wuta, da harshe take gane laka mai kyau. Ba ta da fara'a, kuma ba ta neman ta kowa.

Tanderun da ta fi ji da shi, shi ne wanda ta gina wa yayanta Garbai a ƙofar gidansu na gado. Ita ta ɗauko lakar a ka daga kwari, ta cuɗa da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta shimfiɗa fasassun kwalabe da gishirin Manga a ƙarƙashin daɓen don ya riƙe zafi. Shekara talatin wannan tanderu yana ciyar da gidan. Da shi aka kai Tahiru ɗan Garbai karatu Damagaram, da shi aka yi masa aure.

Garbai ya rasu, Tahiru ya gaji sana'ar.

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, bayan ƙaramar salla, wani Nasara mai aikin dashen itatuwa ya gama wa'adinsa, ya sayar da kayansa zai koma gida. Cikin kayan akwai tanderun ƙarfe, tsayin mutum, mai cin gaz da wutar lantarki. Ba a hura masa wuta. Maɓalli ake dannawa, fanka ta tashi a ciki, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sai wuta ta kama da kanta.

Tahiru ya saya. Sayen ba laifi ba ne, babu wanda zai ga laifin mai neman sauƙi. Laifin yana gaba.

Ya kafa shi a ɗakin da ke jingine da katangar da ta raba gidansa da na gwaggonsa Yabawa. Ya tara mutane su gani: masu shayin tasha da ke sarar burodinsa kullum, malaman lakwal, maƙwabta. Sannan ya ce a kawo diga, za a rushe tsohon tanderu a kafa rumfar sayarwa a gurbinsa.

Yabawa ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ya bar shi a tsaye, ai ba ya ci ba ya sha, ya bari sabon ya ga damina ɗaya tukuna.

Tahiru ya yi dariya, ya juya wajen mutane don su ji da kyau.

"Gwaggo, zamanin taka kashin jaki ya wuce. Wannan tulin ƙazanta a ƙofata kunya yake ba ni. Wanda ya yi karatu ba ya sa ƙafarsa a laka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Shi da hannunsa ya karɓi digar, ya sari bakin tanderun, daidai inda sawun yatsunta yake tun shekara talatin.

Yabawa ta tsaya har aka kai shi ƙasa. Sannan ta dubi jama'a.

"Ku shaida. Na rantse da Allah, burodi ba zai ƙara shiga bakina ba sai ranar da waɗannan ƙafafun naka suka taka mini laka, a nan inda kake tsaye."

Tahiru ya dubi takalminsa mai ƙyalli, ya ce to ashe Gwaggo ta yi sallama da burodi har kabari.

Kada ku ɗauka ƙaramar rantsuwa ce. Haƙoran Yabawa saura shida. Burodi a tsoma cikin shayi, shi ne karin kumallonta tun zamanin Garbai. Daga ranar ta koma kunu. Ƙamshi yana tsallako katanga kowace safiya, tana haɗiyar miyau, tana shan kununta. Liman ya aiko mata cewa akwai kaffara, ta ciyar da miskinai ta huta. Ta ce a gaya wa malam kunnenta ya yi nauyi.

Ɓaraguzan tanderun kuwa ba ta bar su a titi ba. Kwando-kwando ta kwashe su a ka zuwa gidanta. Waɗanda suka ƙone ta daka, na waje da wuta ba ta ci ba ta zuba a rami a gindin katanga, ta jiƙa.

Aiki ya tsaya mata. Wanda ya yi mata maganar tanderu a Gamu ya aiko cewa ya fasa. Mata a bakin famfo in sun gan ta sai su sassauta murya, amma tana jin "kashin jaki" yana fita. Duk ta ji, duk ta ajiye.

Damina ta faɗi. Tare da ita zanzaro ya zo, mai siririn ƙugun nan da ke gina gidansa da laka a lungu. Wata safiya Yabawa na zaune ta ga suna sauka a raminta, kowanne ya dunƙula laka, ya tashi, ya tsallake katanga. Ɗaya, biyu, goma. Duk hanya ɗaya suke bi.

Ta ɗauki mayafi ta shiga gidan Tahiru kamar ta zo gaida matarsa Habsu. Ta leƙa ɗakin tanderu. A bayan ƙarfen akwai 'yan tsaga da iska ke shiga, nan suke kutsawa da lakarsu, su fito babu komai.

Ta san abin da ta gani. Haka zanzaro ya kashe rediyon marigayi mijinta, ya cika cikinta da laka har ta daina magana.

Yini guda tana kokawa da zuciyarta. Ɗan yayanta ne, jininta ne. Da la'asar ta same shi a rumfa, ta ce masa ya samo ƙyallen gidan sauro ya rufe ramukan bayan injinsa, zanzaro yana gini a ciki.

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Gwaggo, injin Nasara ne. Littafinsa ma da Faransanci yake. Ki bari waɗanda suka san baƙi su kula da shi, ke ki kula da kununki."

Ta ce to.

Ta koma gida, ta ɗebi ruwa ƙwarya biyu a randa, ta ƙara wa ramin. Daga ranar ba ta bar lakar nan ta bushe ba ko na yini ɗaya. In hadari ya yi fashi, ita ce hadarin. Tana kwaɓa musu ita lukwi, tana tsince tsakuwa, kamar mai tuƙa wa manyan baƙi tuwo.

Habsu ma ta ga zanzaron, amma da wani ido ta gan shi. Shekararta shida a gidan ba ta haihu ba, kuma a gidansu ta taso tana ji ana cewa in zanzaro ya yi gini inda mace ke aiki, haihuwa na tafe. In tana shara sai ta kauce musu. Maganin fesawa da Tahiru ke ajiyewa ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ran nan ta leƙo ta kan katanga, cikin jin kunya, ta tambayi Gwaggo ko maganar gaskiya ce.

"Haka na ji daga manya," in ji Yabawa.

Ba ta yi ƙarya ba, haka ta ji. Sai dai ba ta ƙara komai a kai ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a bayan zana cikin gidanta, Yabawa tana gini. Da ragowar lakar Garbai da sabuwa daga kwari ta tayar da tanderu, ta shimfiɗa kwalabe da gishiri, ta rufe kansa, ta yi masa rumfar kara saboda ruwa. Komai ya kammala sai yaɓen ƙarshe. Nan ta wanke hannunta ta tsaya. Wannan yaɓen ba da ƙafarta za a taka shi ba.

Wata Lahadi a tsakiyar damina, rana ta ɗan ɗaga, tana zaune da kununta tana sauraro kamar kullum. Ta san muryar injin nan kamar tarin maƙwabci. Fanka ta tashi. Ta jira ƙas-ƙas-ƙas. Shiru. Fanka ta mutu.

Aka sake dannawa. Fanka, shiru. Aka sake.

Yabawa ta shanye kununta, ta suɗe ludayi. Rabonta da jin daɗin kunu haka ta manta.

A can kuwa kwaɓin buhu biyu na fulawa ya tashi a faranti, yana jiran wuta. Tahiru ya aika aka kira Ɗan Talata, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa, dattijo mai haƙuri da jakar fata cike da wayoyi. Yabawa ta ba su ɗan lokaci, sannan ta gyara ɗaurin kallabinta ta shiga, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, dubiyar mara lafiya kika zo?" in ji Ɗan Talata.

"Na zo jin ƙarfe nawa jana'iza."

Tahiru ya yi kamar bai ji ba.

Ɗan Talata bai yi gaggawa ba. Ya ce gyara daga waje ake farawa, ba a fasa ciki sai an gama da fata. Ya girgiza tulun gaz, ya ji shi da nauyi. Ya cire tiyo ya hura, babu toshewa. Ya jona ɗan ƙwan gwaji a bango, ya kama, wuta na nan ke nan. Ya zaro fizibil, ɗan zaren nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ɗaga a haske, lafiyarsa lau. Ya goge bakin ƙyastu, ɗan abin nan mai ƙas-ƙas-ƙas, da tsumma, ya sauya masa waya.

Ya ce a danna. Fanka ta tashi, wata 'yar jar fitila ta yi ƙifce sau uku, komai ya mutu.

Ya zauna a kan dugadugansa. Ya ce gaz na nan, wuta na nan, ƙyastu na nan, amma babu mai ba su umarni. Akwai wani allo a bayan injin, shi ke cewa gaz ya buɗe, shi ke cewa ƙyastu ya ƙyasta. In ya yi shiru, kowa sai ya yi shiru.

Suka jawo tanderun daga bango. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya ɗaga murfin baya. Zanzaro biyu suka fito suka bi ta kan Tahiru.

Allon kore ne, faɗin tafin hannu biyu, da wasu baƙaƙen abubuwa manne a jikinsa kamar kaska a kunnen kare. Rabinsa ba a gani. Gidajen laka ne jere, wani kan wani, wasu sun bushe, wasu ɗanye shakaf. A tsakiya inda ɗanyen ya kwanta, wuri ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen gashi.

Habsu ta dafe baki ta jingina da bango.

Ɗan Talata ya ɓalli gida ɗaya, ya murje a yatsa, ya shinshina. Ya ce abin mamaki, ƙasar unguwar nan fara ce, rairayi ne, wannan kuwa ja ce, lakar kwari, har da ƙaurin hayaƙi.

 Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka dubi katanga, sannan suka dubi mai tsaye a ƙofa.

"Lakar ubanka ce," in ji Yabawa. "Ka kore ta ta ƙofa, ta dawo ta sama."

Tahiru ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ashe ita ce. Ta ce ita ba ta da fiffike. Ta tambaye shi ko ya tuna ranar da ta zo masa da maganar ƙyallen gidan sauro, da abin da ya ce mata ta kula da shi. Ta ce ta kula da kununta kuwa, kamar yadda ya umarta.

Ɗan Talata ya yi iya yinsa. Ya kankare lakar da tsinke, ya share da buroshi, ya shanya allon a rana, ya liƙa wata ƙafa da ta cire da dalma. Aka mayar, aka danna. Ƙifce uku, shiru. Ya ce layukan da ke ciki sun ƙone, kuma sun fi gashin kai siranta. Wannan ba gyara yake so ba, sabo yake so. A Damagaram babu, ya sani. A Yamai wataƙila, amma tun da sefa ta faɗi 'yan kasuwa sun daina shigo da irinsa. Sai dai a rubuta ƙasar Nasara a jira.

Tahiru ya ce to a buɗe gaz da ƙarfi, shi zai kunna da ashana.

Ɗan Talata ya fara tattara kayansa. Ya ce allon nan shi ne kuma ke rufe gaz in wuta ta mutu. In aka tsallake shi, wata rana cikin zai cika, a ƙyasta ashana, a tsinci rufin ɗaki a tasha.

"Ni ina da 'ya'ya bakwai, Tahiru. In za ka yi, ka bari in kai kasuwa tukuna."

Kafin azahar kwaɓin ya yi tsami, ya tumbatsa, yana zuba ƙasa. Habsu ta soya abin da ta iya, sauran aka ba awaki, har su ma suka gaji.

Masu shayin tasha suka zo da la'asar. Suka ce sun san shi sun san ubansa, za su jira zuwa Juma'a. In Juma'a ta yi babu burodi, za su ƙulla da motar burodin Damagaram, kuma in sun ƙulla sun ƙulla ke nan.

Litinin Tahiru ya zaga gari. Masu burodi biyu ne bayan shi. Na farko tuni Tahiru ya ƙwace masa masu saye, mutumin ya bar sana'ar, ruwa ya rushe tanderunsa. Na biyu ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce da ya ara masa, amma nasa tulin ƙazanta ne, bai dace da wanda ya yi karatu ba.

Habsu ce ta gaya masa abin da ta hango bayan zanar Gwaggo. Ya aike ta da goro. Yabawa ta karɓi goron, ta ce akwai tanderu, saura yaɓe, ita kuma gwiwoyinta sun tsufa. Ƙafa ake nema.

Ya aiko liman ya roƙa a yi abin a cikin gida, a rufe ƙofa. Ta ce a gaya wa malam ba a cikin gida aka rushe na Garbai ba. Ya aiko cewa zai ɗauko leburori biyu. Ta ce ba ta rantse a kan ƙafar lebura ba.

Talata da hantsi, lokacin da titi ya fi cika, Tahiru ya fito.

Yabawa ta riga ta sa an janye rumfar sayarwa. A gurbin tsohon tanderu ta zuba lakar, ta yi mata rami a tsakiya, ta juye ƙaiƙayi, ta juye kashin jaki kwando guda, na safiyar nan, ta kwarara ruwa. Ta zauna a kan turmi da sandarta.

Mutane suka taru ba tare da an kira su ba. Masu shayi, malaman lakwal, matan famfo, duk waɗanda suka yi dariya wancan karon.

Tahiru ya cire takalminsa mai ƙyalli, ya ajiye gefe. Ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya tsaya yana kallon abin kamar zai yi magana da shi. Sannan ya sa ƙafar dama, ta nutse har idon sawu.

Ya taka. Bai iya ba, yana zamewa, yana ɗaga hannu kamar mai koyon tafiya. Ta ce da dugadugi ake yi, ba da yatsu ba, ba rawa ya zo ba. Wani ya kece da dariya a baya, sauran suka bi.

Bayan wani lokaci ta miƙa hannu ta ɗebo, ta dunƙula, ta ce bai yi ba. Ya ci gaba. Gumi ya jiƙa rigarsa, laka ta fantsama har gemunsa. Ta sake ɗebowa, ta murza, ta taɓa a harshe. Ya yi, kuma ta san ya yi. Ta ce bai yi ba.

Wannan ƙarin zagayen na Garbai ne.

Yana cikin takawa ya tsaya, yana haki, idonsa a ƙasa.

"Gwaggo, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Ɗaga murya. Ran nan har tasha an ji ka."

Ya ɗaga, ya maimaita. Dariya ta ɗauke. Yabawa ta dube shi daga kai har ƙafa, ta daɗe a kan ƙafafun.

"Na ji. Kwashe ka kai ciki."

A ka ya kwashe, kwando-kwando, kamar yadda ta kwashe ɓaraguzai. Ita ta yi yaɓen da hannunta, ta bar sawun yatsunta a bakin tanderun. Laraba da Alhamis aka yi ta ba shi wuta kaɗan-kaɗan da kara da kashin shanu, don kada ya tsage. Ba ta bar kowa ya ƙara ko tsinke ba sai ta sa bayan hannu ta ji.

Juma'a da safe burodi ya fito. Masu shayi na tsaye a ƙofa da kwandunansu, amma ba wanda aka ba tukuna. Tahiru ya ɗauki na farko, yana ƙona masa hannu, ya durƙusa ya ajiye gaban gwaggonsa. Habsu ta kawo shayi.

Wata biyar rabonta da burodi. Ta gutsura, ta tsoma, ta jira ya jiƙa, ta sa a baki. Ta tauna a hankali da haƙoranta shida, kowa na kallo. Ta haɗiye.

Ta ce gishiri bai ji ba, Garbai ya fi shi hannu. Sannan ta cinye shi tas.

Allon bai taɓa zuwa ba. Tanderun ƙarfe yana nan a lungu, zanzaro ya gaje shi, kuma Habsu ta hana a taɓa. Da yake ta haihu a shekara ta gaba, ba mai ja da ita a kan wannan.

Sabon tanderu kuwa a gidan Yabawa yake, ta ƙi a gina wani a waje. Har ƙarshen ranta, kowace safiya sai Tahiru ya tsaya a ƙofarta da farantin kwaɓi a ka, ya yi sallama, ya jira a amsa. Ita kuma kunnenta ya yi nauyi. Ba ta cika ji a ta farko ba.

Darasi: In Allah ya ba ka sabo, ka yi godiya ka yi amfani da shi, amma kada ka rushe abin da ya ciyar da kai, kuma kada ka tozarta hannun da ya gina shi a gaban jama'a. In wanda ka raina ya zo maka da gargaɗi, ka saurara, don wataƙila sau ɗaya zai faɗa. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku, musamman waɗanda suka yi karatu suke ganin tsofaffin gida ba su san komai ba.